Ciwon Kan Asuba: Nazarin Abin da Ya Faru a Wani Gida a Zariya Lokacin Hunturu

Gidan yana cikin ɗaya daga tsofaffin unguwannin Zariya, irin gidajen gadon nan da aka fara da ginin ƙasa aka ƙarasa da bulo. Maigidan malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Yana zaune da uwargidansa, da mahaifiyarsa wadda kowa ke kira Hajiya, da yara uku da ba su kai aure ba, maza biyu da mace ɗaya. A hunturun da abin ya faru, babbar 'yarsa ta dawo gida wankan jego da ɗanta na fari, aka sauke ta a ɗakin Hajiya kamar yadda aka saba, ƙanwarta ma ta koma kwana can don taya ta raino. Ni sana'ata duba gine-gine da gyaransu, shi ya sa aka kira ni daga baya, bayan iskar guba ta kabon monoksaid ta kusa halaka masu kwana a ɗakin Hajiya, kuma da yardarsu nake ba da labarin ba tare da suna ba.

Sai an san yadda gidan yake a da kafin a gane abin da ya same su. Ɗakin Hajiya soro ne na ƙasa, mai kaurin bango da rufin azara. Tagarsa ta katako ce, ba ta taɓa rufuwa ruf ba, ƙofar kuma ta bar wajen yatsu uku tsakaninta da daɓe. Can sama kusa da rufi akwai 'yan ramuka biyu na shan iska. Tsakar gida a buɗe take, sai inuwar bishiyar darbejiya. Da Malam ya karɓi kuɗin sallamarsa, ya yi abin da kowane ɗa na gari zai so ya yi wa mahaifiyarsa: ya rushe soron da ke zubar ƙasa duk damina, ya gina na bulo inci shida, ya yi rufin kwano da silin roba, ya sa tayil, ya sa tagar gilas mai zugewa da ƙofar ƙarfe mai roba a gefe, ya fitar mata da banɗaki a cikin ɗaki don kada ta riƙa fita cikin dare. Ramukan sama ba a maido da su ba, don ta nan ƙura da sauro da ƙadangaru ke shigowa. Daga baya aka rufe mafi yawan tsakar gidan da kwano saboda ruwan sama da kuma masu haurowa ta katanga. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gyare-gyare yana da dalilinsa mai kyau.

Yadda ciwon ya fara

Da sanyi ya kankama a watan Disamba, masu kwana a ɗakin Hajiya suka fara tashi sallar Asuba da ciwon kai, irin mai ɗaure goshi, da jiri da tashin zuciya. Zuwa hantsi, bayan an fito an sha rana an yi karin kumallo, sai ya lafa. Gobe da asuba ya dawo. Samarin da ke kwana a ɗakin zaure ba abin da ke damunsu. Malam da uwargida kan ji nauyin kai wani lokaci, amma bai kai nasu ba.

Kowa ya samo wa nasa ciwon dalili. Na mai jego an ce jinin da ta zubar ne da rashin barci. Na Hajiya an ɗora wa hawan jini. Yarinyar kuwa aka kai ta kemis, aka ba ta maganin maleriya, da bai yi ba aka koma na taifot, alhali ko sau ɗaya jikinta bai yi zafi ba. Jaririn yana ta barci mai nauyi, da asuba sai an yi da gaske yake kama nono, mata masu zuwa barka suna yaba shi da cewa yaro ne mai haƙuri. Wata maƙwabciya mai son su da alheri ta kawo turare ta ce a riƙa yi wa ɗakin hayaƙi kafin a kwanta, wanda hakan ya ƙara yawan garwashin da ke shiga ɗakin.

Akwai alamu uku a nan da ya kamata kowane magidanci ya riƙe. Ciwo ya kama mutum fiye da ɗaya a lokaci guda. Ya tsaya kan masu kwana a ɗaki guda. Yana zuwa da dare, yana tafiya in an fita waje. Zazzaɓin cizon sauro ba ya zaɓen ɗaki, ba ya kuma sakin mutum don kawai ya fito tsakar gida. Duk ciwon da ke bin wannan tsari, ɗakin ake fara tuhuma.

Warin banɗaki

Malam ya tuhumi ɗakin, sai dai hancinsa ya kai shi wani wuri. A 'yan makonnin nan wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai yana tasowa daga banɗakin Hajiya, ya ce lallai shi ke sa su ciwon kai. Ya kira mai gyaran famfo, mutumin kuwa ya san aikinsa. Abu biyu ya gano.

Na farko, magudanar da ke daɓen banɗakin. A ƙarƙashin irin wannan rariya akwai lanƙwasar bututu da ke riƙe ruwa kamar tsawon inci biyu, wannan ɗan ruwan shi ne ke tare iskar sokawe kada ta dawo cikin gida. Tunda mai jego a bayan gida na waje ake mata wanka, Hajiya ma ta koma can saboda kusa da murhun dafa ruwa yake, magudanar ciki ta daɗe ba ta ga ruwa ba. A hunturu danshin iska a ƙasar Hausa yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana, don haka ruwan ya ƙafe, hanya ta buɗe. Na biyu, bututun da ke fitar da iskar sokawe zuwa sama, wanda ya kamata ya zarce rufi, kafintan da ya rufe tsakar gida ya yanke shi a ƙarƙashin kwano don ya samu ya shimfiɗa rufinsa. Mai gyaran ya ƙara masa tsawo ya huda kwanon ya fitar da shi, ya ɗaura masa raga a baki saboda ƙudaje, ya ce a riƙa zuba kofin ruwa a magudanar kowane mako. Wari ya ɗauke a ranar.

Gyaran daidai ne, kuma ana bukatarsa. Amma ya kwantar wa gidan da hankali a kan abin da ba shi ne matsalar ba, ciwon kai kuwa ya ci gaba.

Daren da abin ya yi tsanani

A wani dare na watan Janairu sanyi ya yi yawa, ba wuta, ga baƙi 'yan barka da suka kai dare. An tayar da ƙaramin janareta. Tun da aka sace na wani maƙwabci, Malam ya daina ajiye nasa a ƙofar gida, ya maido shi ƙarƙashin rufin tsakar gida ya ɗaure shi da sarƙa a jikin ginshiƙi, taku kaɗan daga tagar Hajiya. Ya yi ta aiki har tsakar dare. A ciki kuma Hajiya ta cika kasko da garwashin da aka dafa ruwan wanka da shi, ta rufe shi da toka don ya kai safe, ta sa yarinyar ta cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa saboda jariri.

Da asuba Malam ya ƙwanƙwasa bai ji motsi ba. Ya ƙara da ƙarfi yana kiran "Hajiya! Hajiya!" Can yarinyar ta rarrafo ta zare sakata, ta faɗi a bakin ƙofa tana amai. Mai jego ta buɗe ido amma ta kasa ɗaga kanta, Hajiya kuwa maganarta ba ta fita daidai. Allah ya ba shi basirar da ta ceci rayukansu: bai tsaya shafa musu ruwa a ciki ba, ya kira samarin suka kwaso kowa zuwa ƙofar gida inda iska take, suka nemi mota zuwa asibiti. Likitar da ta karɓe su, da ta ga mutum huɗu daga ɗaki ɗaya ba zazzaɓi, tambayarta ta farko ita ce, "Baba, da me kuke ɗumama ɗakin?" Aka sa musu iskar oksijin nan take. Duka sun tashi, har jaririn, wanda aka riƙe shi ya fi kowa daɗewa.

Abin da suka shaƙa ita ce iskar kabon monoksaid. Tana fitowa ne duk lokacin da gawayi, itace, fetur, kananzir ko gas ya ci wuta ba tare da isasshiyar iska ba. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. In ta shiga huhu takan kama sinadarin jinin da ke ɗaukar oksijin, kuma kamunta ya fi na oksijin ƙarfi sau fiye da 200, sai jini ya yi ta zagayawa ba ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke bukata. Mai barci ba ya farkawa don ya ji ta, barcin ne ke ƙara nauyi. In mutum ya fito iska mai kyau, sai an yi awa huɗu zuwa shida kafin rabinta ya bar jini, shi ya sa ciwon kan nasu ke lafawa da hantsi. Da oksijin na asibiti lokacin yakan ragu zuwa wajen awa ɗaya da rabi ko ƙasa da haka. Wani abin lura: ɗan abin nan da ake maƙala wa yatsa don auna oksijin ba ya bambance jinin da ya ɗauki oksijin da wanda ya ɗauki wannan guba, yana iya nuna lafiya lau alhali mutum yana cikin haɗari. Likitar ta kuma gargaɗe su da su sa ido na wasu makonni, domin mantuwa, rikicewar tunani ko sauyin hali kan iya ɓullowa daga baya, ko da mutum ya ga kamar ya warke.

Abin da na tarar

Da na shiga ɗakin, tsumman yana nan a bayan ƙofa, an liƙe gefen tagar da salatif tun farkon hunturu saboda ƙura. Na zagaya ko'ina ban ga inda iska za ta shiga ko ta fita ba, in ban da 'yar tagar banɗaki da ita ma ke kulle. Ɗakin ya zama tukunya da murfi. A waje, bangon da ke fuskantar salansar janareta ya yi baƙi da tabon hayaƙi, tabon kuma ya hau har ƙasan tagar. Irin tagar nan mai zugewa tana da 'yan ƙofofin fitar ruwa a ƙasanta da tsaga a tsakanin gilasan biyu, ba su isa su sauya iskar ɗaki ba, amma hayaƙin da ya taru a ƙarƙashin rufi yana samun hanya ta nan.

Hajiya ba ta yarda da laifin kaskonta ba, kuma hujjarta mai ƙarfi ce. Ta ce mini, "Ɗan nan, tun ina amarya nake kwana da wuta a ɗaki. Da ita na yi jegon ubansu. Kuma ni ba na shigar da gawayi sai ya ruru ya yi ja, hayaƙinsa ya ƙare." Wannan magana ta ƙarshe ita ce kuskuren da ya fi yaɗuwa a gidajenmu. Hayaƙin da ido ke gani daban, gubar daban. Garwashin da ya yi ja ba hayaƙi yana ci gaba da fitar da ita, rufe shi da toka kuwa rage masa iska ne, wato daidai yanayin da ke ƙara ta. A kan maganarta ta farko, gaskiya ta faɗa, sai dai ɗakin da ta yi wancan jegon ba shi ne wannan ba. Tsohon soro yana shan iska ta ƙofa da taga da ramukan sama, ga shi bangon ƙasa yana tara zafin rana ya sake shi da dare, don haka 'yar wuta kaɗan ta isa. Bulo mai rami da kwano ba sa riƙe zafi, da dare ya yi sararin sama ya washe sai zafin ya tsere, tayil ya yi sanyi ƙarara. Sabon ɗakin ya fi tsohon sanyi, sai aka ƙara garwashi, ya kuma fi shi toshewa, sai gubar ta rasa mafita. Ban ce kwana da wuta a tsohon ɗaki ba shi da haɗari ba. An sha rasa rayuka a ɗakunan ƙasa da na bukka, ɓarakar da ke jikinsu rage haɗarin take yi kawai.

Don ta gani da idonta, na zo da na'urar gargaɗi mai batir da ake yi musamman don wannan iska. Muka fitar da kowa, muka sa kaskon garwashi yadda ta saba shirya shi, muka rufe ƙofa muka zauna a waje. Ba mu tashi daga hirar ba na'urar ta fara ƙara. Muka buɗe ƙofa da taga muka bar ɗakin ya sha iska kafin kowa ya shiga. Hajiya ta leƙa ta ga ɗaki fes ba ko ɗigon hayaƙi, ta daɗe tana salati. Malam ya ce shi dai ya yi gyaran gangar auzinawa. Ban yarda da shi gaba ɗaya ba, don ɗakin ya fi na da tsafta da aminci a damina. Abin da ke ba ni takaici shi ne magini da kafinta da mai haɗa taga duk sun yi aiki a gidan, an biya su, ba wanda ya tambayi yadda ake ɗumama ɗakin ko inda janareta zai zauna. Mu masu wannan sana'a alhakin yana wuyanmu fiye da masu gida.

Gyaran da aka yi

Hukunci na farko ba sassauci a cikinsa: wuta ba ta ƙara kwana a ɗaki, ko an buɗe taga. Amma hana tsohuwa da mai jego kasko ba tare da an magance musu sanyi ba, wasa ne, ranar da sanyi ya yi tsanani zai dawo. Malam ya kawo shawarar hita mai aiki da lantarki, muka zauna muka yi lissafi. Mai cin wat 2,000 in ta yi awa takwas ta cinye yunit 16. Tun watan Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A, wato layukan da suka fi samun wuta, zuwa sama da naira 200 kowane yunit, wannan ya haura naira 3,000 a dare ɗaya ga wanda ke kan layin, wanda ba ya kan layin kuma ba shi da tabbacin wutar za ta kwana. Ƙaramin janareta ba ya ma iya ɗaukarta. Sai muka koma ga hana zafin da ke akwai tserewa. Aka ɗauke katifu daga kan tayil aka ɗora a gado, aka shimfiɗa tabarma da kafet, aka rataya labule mai kauri, aka shimfiɗa abin tare zafi a saman silin, wanda zai yi amfani a bazara ma. Da rana a buɗe ƙofa da taga rana ta shiga, kafin magariba a rufe. Ana ɗumama shimfiɗa da gorar ruwan zafi da aka naɗe a tawul, a cire ta kafin a kwantar da jariri. Shi kuma hula da safa, da kwanciya a ƙirjin uwarsa fata da fata a rufe su tare, ba tare da an lulluɓe masa fuska ba.

Wankan jego ma an matsar da shi zuwa bayan fitowar rana, ana dafa ruwan a fili. A nan Zariya ɗin ne, tun shekarun 1970, likitoci suka yi nazari kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta shi da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi da yawan shan kunun kanwa. Na ambata wa uwargida wannan don ta san cewa rage zafin jego ba raina al'ada ba ne.

Janareta ya fi wuyar sha'ani. Shawarar hukumomin lafiya a Amurka ita ce a ajiye shi a fili, aƙalla ƙafa 20, wajen mita shida, daga kowace ƙofa ko taga. Gidajenmu na cikin gari da yawa ba su da wannan filin, ga tsoron ɓarayi, wanda ba tsoron banza ba ne. Aka gina masa keji na ƙarfe mai kwaɗo a lungun bayan gida inda ba rufi, salansa na kallon sararin da ba tagar kowa, har da ta maƙwabta, kuma a kashe shi kafin a kwanta. Da muka ƙirga abin da ake kunna shi dominsa a hunturu, ƙwan fitila shida ne masu wat tara-tara, da cajin waya, da talabijin. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ƙona fetur don wannan ɗan nauyi asara ce, ƙaramin faifan sola da batir ya ɗauke shi, mijin mai jego ne ma ya saya.

Sai ramukan iska. An fasa biyu a sama a bangaye daban-daban don iska ta ratsa. Hajiya ta yi ƙorafin ƙura, kuma tana da gaskiya, don ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi tana tayar mata da tari. Tunda iskar daga arewa maso gabas take kaɗowa, aka kauce wa wannan ɓangaren, aka sa raga mai laushi da ake cirewa a wanke, ana goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma a maimakon tsintsiya. An rataya na'urar gargaɗi ɗaya a ɗakinta, ɗaya a na Malam, daidai tsayin kan mai kwance a gado ko sama kaɗan, ba a bayan labule ba. Na'urorin da ke bin ma'aunin Turai suna yin ƙara cikin minti uku in gubar ta kai kashi 300 cikin miliyan, in kuma 50 ce tsakanin awa ɗaya da awa ɗaya da rabi. Suna da ranar daina aiki a rubuce a bayansu, kuma na'urar gano hayaƙin gobara ba ta maye gurbinsu.

Rufin tsakar gida ne har yanzu ba a gama da shi ba. Ni na so a cire rabinsa, uwargida ta ce ita ce ke girki da wanki a damina, ba za ta koma tsallen ruwa ba. Aka tsaya kan cewa za a ɗaga tsakiyarsa sama a bar tazara a kewaye, a sa ƙarfen tsaro da raga, yadda hayaƙin girki zai fita ruwa kuma bai shigo ba. Kafin kuɗin su samu an cire fallen kwano uku daga saman murhu, nan ake hura gawayi yanzu. Kafinta ya zo ya auna, an ba shi wa'adin ya gama kafin ruwan farko.